Wadda ta ce mini haihuwata ba a hannunta take ba

Ni tela ce a Maraɗi, kuma duk wadda ta taɓa zama a ɗakin ɗinkin mata ta san ba ɗinki kaɗai ake yi a ciki ba. Mace za ta kawo riga ta ce a ƙara mata faɗi, kina ɗora mata metir a ƙugu kin gane abin da ake ciki. Sai ta jira ɗakin ya rage mutane, ta sassauta murya ta ce, "Yaya, wai ke a ina kika yi awo? Wa ya karɓi haihuwarki?" Amsar ba ta gajarta mini, shi ya sa na ga gara in rubuta ta gaba ɗaya. Ciki uku na yi, biyu ke raye, kuma kowanne a hannun mutum daban ya ƙare.

An yi mini aure ina da shekara 17. Garinmu ƙauye ne a ƙasar Madarunfa, maigida kuma yana sayar da kayan babur a cikin birni, nan aka kawo ni. Cikin fari ba a maganarsa, kunya ba ta bari. Ko uwar mijina sai da ta ga na daina cin miyar kuka, ina kwance da hantsi, sannan ta gane. Awo na je ne don in samu karne, wato katin awo, da gidan sauro, saboda mata sun ce in kika je haihuwa babu karne faɗa za ki sha. Da ciki ya shiga wata bakwai aka mai da ni gida goyon ciki, kamar yadda aka yi wa yayyena. Babu wanda ya zauna ya ce wa zai karɓi haihuwar nan. Tambayar ma ba ta taso ba, tunda ga Iya ungozoma a bayan gidanmu, wadda ita ta yanke mini cibi, ita ta yanke wa duk 'yan ɗakinmu.

Ina so a fahimci aikin Iya, don yanzu wasu da an ce ungozoma sai su taɓe baki. A wurinmu yawancin aikinta na bayan sauka ne. Mace ta durƙusa ta haihu, ita kuma ta yanke cibi, ta binne mabiya, ta wanke jariri, ta dafa ruwan wanka, ta riƙa zuwa gashin cibi har a yi suna. Ba ta da abin awon jini, ba ta da allura, kuma ba ta taɓa cewa tana da su ba.

Naƙuda ta kama ni tsakiyar damina. Ta kwana, ta wuni, ta nemi sake kwana. An ba ni rubutu na sha, an jiƙa mini maganin zaƙi, wai zaƙin da na sha ne ya tare hanya. Wata gwaggona ta kawo maganar yankan gishiri. Iya ta shafa cikin, ta daɗe hannunta na bisa marata, sannan ta juya wajen mahaifiyata ta ce, "Wannan ba zaƙi ba ne, kuma ba mai sa mata aska. Kai ne ya ƙi sauka. Ku kai yarinyar nan gidan likita tun da sauran ƙarfinta." Da rana tsaka ta faɗi haka. Amma Baba ya tafi cin kasuwa, maigida yana Maraɗi waya ba ta shiga, kuma babu macen da za ta ɗauki ɗiyar mutum, matar wani, ta fita da ita ba izini. Kafin a samu izinin, a ɗaura wa shanu amalanke, a zagaye inda ruwa ya cinye hanya, dare ya raba. A CSI, ƙaramin gidan likita na gwamnati, sajfam, wato ungozomar asibiti, ta duba ta ce abin ya fi ƙarfinta, ta kira ambilans. Da muka iso Maraɗi aka fitar da yaron, namiji, ya riga ya koma.

Ni kuma aka bar mini robar fitsari na wani lokaci, aka ce kada in yarda a cire. A lokacin ban san dalili ba. Wata ma'aikaciya ce ta yi mini bayani: in kan yaro ya daɗe a tokare, yakan matse mafitsara a jikin ƙashi har jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu, ya ɓule. Yoyon fitsari ke nan. Robar ta ba wurin hutu ya warke. Allah ya tsare ni. Yarinyar da ke gadon kusa da nawa, wadda ko shekaruna ba ta kai ba, ita sai da aka tura ta Danja, kudu da Maraɗi, inda tun 2012 ake da asibitin gyaran masu wannan lalura. Har yau in na tuna cikin nan ba Iya nake gani da laifi ba. Ta san iyakarta, ta faɗa a kan lokaci. Abin da babu shi ne shiri: wa zai ba da izini, da me za a fita, ina za a nufa.

Da na sake samun ciki, maigida ya ce ko shagon zai sayar ba zan ƙara haihuwa a ƙauye ba. Mutum ne marar yawan magana, amma rasuwar yaron nan ta taɓa shi ƙwarai. Ya tambayi abokansa na kasuwa, suka nuna masa wata kilinik ta kuɗi. Ba zan faɗi sunanta ba. Wuri ne mai tsabta, ga sanyi, ga kujeru, ba layi, ba mai ɗaga miki murya. Duk zuwa sai an yi mini eko, na'urar da ke nuna yaro a ciki, an ba ni hoto, maigida ya sa a aljihu ya je yana nuna wa uwarsa. Mu duka hankalinmu ya kwanta, don muna ganin kuɗinmu na aiki.

Sai dai duk zuwa fuska daban nake tararwa. Labarin cikin fari na ba da shi a zuwan farko, an ce "Allah sarki, Allah ya sa mai ceto ne," amma ban ga an rubuta ba, kuma ba wanda ya sake tayar da shi. Ba a taɓa ce mini ga rukunin jinina ba. Ina fama da jiri, in na tashi daga keken ɗinki sai na dafa bango, aka rubuto mini odinans, wato takardar sayen magani, mai tsawo na magungunan ƙarin ƙarfi masu tsada. Daren da naƙuda ta zo, lokotoron, wato likitan, da sunansa ke jikin allo ba ya nan, wai ya yi tafiya. Wata yarinya muka tarar, mai kirki, amma da gani ba ta daɗe da fara aiki ba. Haihuwar ta zo da sauƙi, mace, ta yi kukanta ras. Ina jin maigida a waje yana ta hamdala. Can sai na ji ɗumi yana bin bayana, zanen da ke ƙarƙashina ya jiƙe, aka sauya wani shi ma ya jiƙe. Yarinyar ta fara kiran waya hannunta na rawa. Babu jini a wurin, babu mai yin aiki da dare. A motar wani maƙwabcinmu aka kwashe ni zuwa asibitin gwamnati.

Can suka taru a kaina. Wata ta danna mini ciki tana murzawa da ƙarfi har na yi ƙara, aka sa ƙarin ruwa da allura, aka ba ni ƙwayoyi, ƙanen maigida ya ba da jini. Mahaifa ce ba ta tsuke ba bayan mabiya ta fita, kuma da ma jinina kaɗan ne tun ina da cikin, jirin nan da nake ji shi ne alamar. Daga baya na ji cewa Nijar ta baza wani tsari a asibitocin gwamnati don wannan matsalar kaɗai: ƙwayar misoprostol, in ba ta tsayar ba a sa wata 'yar roba cikin mahaifa a cika ta da ruwa ta danne jijiyoyin, sannan a ɗaure mace da wata riga mai matse ƙafafu da ciki har a kai ta inda za a yi aiki. Binciken da aka fitar a 2023 ya nuna matan da zubar jini ke kashewa sun ragu da fiye da rabi. Ni dai na san ina cikin waɗanda aka tsamo.

Ba cewa nake duk kilinik ta kuɗi haka take ba. Akwai masu lokotoron mata na gaske, da ɗakin aiki, da mai kwana. Abin da nake cewa shi ne sanyin ɗaki da hoton eko ba su gaya miki abin da za ki tarar ƙarfe biyun dare.

Ciki na uku na shige shi da tsoro. Wata dattijuwa da nake wa ɗinki, wadda ta yi shekaru tana shara a matarniti, wato asibitin haihuwa, ita ta ba ni shawarar da ta fi kowace amfani. Ta ce, "Ɗiyata, kada ki tambayi wace ce mai fara'a. Je ki zauna a bencin awo ki buɗe ido. Ki ga wace ce mata ke daɗewa a ɗakinta, wace ce ke fitowa da kanta ta kira wadda ta aika gwaji, wace ce karnenta ke fitowa cike da rubutu." Haka na yi. Na je CSI na unguwarmu da sassafe na zauna cikin mata. Akwai wata sajfam, babba, baƙa, mai tabarau, ba ta cika dariya ba. Mata na ƙorafi layinta ba ya sauri. Wata ta ce mini, "Madam ɗin can tambaya gare ta kamar alƙali." Na ce a raina ita nake nema.

Ranar da na shiga wurinta, kafin ta taɓa ni sai da ta zaunar da ni ta ce in ba ta labarin cikin da na yi duka, tun daga na fari. Ta tambayi tsawon naƙudar, ta tambayi ko yaron babba ne, ta tambayi jinin da na zubar kafin mabiya ta fita ne ko bayan ta fita, leda nawa aka ƙara mini. Tana ji tana rubutawa. Da na zo kan yaron da ya rasu murya ta ta sarƙe, ta ajiye biro ta jira ni, ba ta ce komai ba har na nutsu. Sannan ta ɗauki jan biro ta yi rubutu a saman karne, ta ja layi biyu a ƙarƙashi. Ta ɗaura mini abin awon tansiyo, wato hawan jini, ta ja fatar idona ta leƙa, ta juya tafin hannuna, ta danna ƙaurina da babban yatsa ta duba ko wurin zai lotsa. Ta aike ni gwajin jini da na fitsari, ta ce in dawo mata da takardar a hannuna ko da ta tashi daga awo, tana ɗakin haihuwa.

Da na dawo ta ce, "Ƙanwata, saurara da kyau. Awo zan yi miki, kuma zan bi ki har ƙarshe. Amma haihuwarki ba a hannuna take ba. Mace mai tarihinki ba ta haihuwa inda babu jini, babu ɗakin aiki. Zan rubuta miki takarda ki je asibitin uwa da yaro ki ga lokotoron mata tun yanzu, ya san da ke, kada ranar ta zo a ce wace ce wannan." Ban taɓa jin ma'aikacin lafiya ya ce wani abu ya fi ƙarfinsa tun kafin abin ya faru ba. Nan take na ji na yarda da ita.

A wurinta na san bambancin aikin mutanen nan. Sajfam ta yi karatun shekara uku a kan ciki da haihuwa, ita ke awo, ita ke karɓar haihuwar da ta zo daidai, ita ke ɗinki in an ƙaru, ita ke gane alamar haɗari. Lokotoron mata likita ne cikakke da ya ƙara wasu shekaru a kan wannan fannin, shi ke aiki, shi ke ɗaukar cikin da ya rikice. Mace mai lafiya, mai ciki lafiyayye, ba ta bukatar ta bi layin lokotoro, sajfam ta gari ta ishe ta, kuma su lokotorin ba su da yawan da za su ga kowa. Irina kuwa dole sai da su biyun.

Duk wata ina wurinta. Ta ce da sau huɗu ake cewa a zo awo, amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da shi takwas. Fansida ta zazzaɓin cizon sauro a gabanta nake haɗiyewa, ga randa ga moɗa, ba ta yarda a tafi da ita gida. Jar ƙwayar ƙarin jini takan tambayi nawa suka rage, in lissafi bai fita ba ta kalle ki ta saman tabarau. Ta yi mini allurar tetanus. Takan ɗora metir daga mara zuwa saman ciki ta rubuta, ta kafa ɗan ƙahon nan na sauraren bugun zuciyar yaro a cikina ta manna kunne, idonta a kan agogo. Wata rana ta kama hannuna ta ɗora a gefen cikina ta ce, "Ji nan, bayansa ne. Nan kuma kai." Ciki na uku ke nan, amma ranar na fara sanin yadda ɗa ke kwance a jikina. Kuma ta sa na haddace abubuwan da in na gani ba jiran ranar awo: jini, fashewar ruwa, zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, ko yaro ya rage motsi.

Ta kuma ce in zo mata da maigida. Ya zo yana jin nauyi, shi kaɗai namiji a tsakar mata. Ta ce masa, "Malam, abu uku nake so a wurinka. Ka faɗa a gaban mahaifiyarka cewa ko ba ka nan in abu ya taso a fita da ita. Ka samu mai mota ko adaidaita da zai ɗaga waya da dare. Ka kawo mutum biyu a gwada jininsu." Ya yi duka. Maganar izinin nan da ya furta a gaban Hajiya, da bakinsa, ita ce abin da babu a cikina na fari.

Lokotoron da aka haɗa ni da shi namiji ne. Wannan ya ɗan tsaya wa maigida a rai, ni ma haka. Mun tambaya ko akwai mace, aka ce akwai, amma ba a iya alkawarin ita za a tarar ranar da abu ya taso. Maigida ya je ya tambayi malaminsa, malam ya ce inda lalura ta kai ga rai, kuma ba a samu mace ba, babu laifi. Duk dubawar da ya yi mini kuwa akwai ma'aikaciya mace a tsaye, kuma ba a buɗe inda ba a bukata.

Cikin wata na takwas na tashi da ciwon kai wanda bai jin magani. Zoben hannuna ya ƙi fita, fuskata ta yi suntum. Hajiya ta dube ni ta yi murmushi ta ce, "Wannan kumburi na ɗa namiji ne, ko kuma biyu ne. Haka na yi da mijinki." Ba da mugunta ta faɗa ba, abin da ta gada ke nan. Amma kumburin fuska da ciwon kai suna cikin abin da na haddace. Na yafa mayafi na hau adaidaita. Madam na ganina daga bakin ƙofa ta tsallake layi ta jawo ni. Tansiyo 16 da 11. Ta sake aunawa a ɗaya hannun, haka. Ta tsoma ɗan tsinken gwaji a fitsarina, launinsa ya juya. Ta ce daga 14 da 9 ake fara damuwa ga mai ciki, wannan kuwa hanyar jijjiga ce, wadda mutane ke cewa iska ko aljanu. Ba ta bar ni na koma gida ɗauko kaya ba. Ta yi mini allurar magneziyom mai hana jijjiga, wadda na ji zafinta ya bi jikina har fuska, ta rubuta takarda, ta kira can da wayarta ta ce ga mai jan rubutu nan tafe.

A asibitin uwa da yaro aka kwantar da ni, ana ba ni maganin saukar da tansiyo, ana sauraren yaro. Abin ya ƙi sauka yadda ake so. Lokotoro ya kira maigida da Hajiya ya yi musu bayani da Hausa: ciwon daga mabiya yake, ba ya warkewa sai an raba uwa da ciki, kuma da tarihina da yanayin yaron, jiran naƙuda ganganci ne. Aiki za a yi. Hajiya ta fashe da kuka. A wurinsu mace da aka yi wa aiki kamar ta kasa ne, ga tsoron ba a tashi, ga tsoron kuɗi. Lokotoro bai yi mata tsawa ba. Ya ce, "Hajiya, ɗiyarki ta yi naƙudar da ta fi ta kowa a cikinta na fari, me ta samu? Yau muna da lokaci, gobe ban sani ba." Ta share hawaye ta ce a yi, Allah ya sa a dace. Maigida ya sa hannu.

A baya aka yi mini allura, ƙafafuna suka mutu, idona biyu. Na ji ana ja ana turawa, ba zafi. Sai kuka, siriri. Namiji ne, ɗan ƙarami, sai da ya kwana biyu wurin jarirai, daga baya aka koya mini ɗaure shi a ƙirji, fata da fata, ya sha ɗumina. Yanzu shi ne ke kwashe mini zare a shago.

Maganar kuɗi, tunda kullum ana tambaya. Tun 2005, zamanin Tandja Mamadou, aka ce sezariyan, wato aikin fitar da jariri, kyauta ce a asibitin gwamnati, a 2006 aka ƙara da awon ciki da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5, a 2024 kuma aka ce haihuwa ita ma kyauta. Aikin kam ba mu biya ba. Amma kyauta ba ta hana a miƙo miki odinans in wani magani ya yanke, ga kuɗin mota, ga abincin mai jinya. 'Yan jikkunan da maigida ya riƙa ajiyewa tun ciki na ƙarami sun yi rana. Duk da haka abin da muka kashe bai kama ƙafar na kilinik ba.

Bayan an sallame ni wata rigimar ta taso: wankan jego da kunun kanwa. Hajiya ta riga ta sayi itace, ta tanadi kanwa. Madam ta zo barka har gida, abin da ban zata ba, ta zauna da Hajiya a tabarma suka gaisa kamar sun saba. Ta ce mata, "Inna, ruwan ɗumi ta yi wanka, ba tafasasshe ba, kuma kada a fyaɗa ganye a kan ɗinkin. Kanwa kuwa ki yafe mata. Gishiri ne a cikinta, tansiyonta bai gama sauka ba, zuciya tana iya kumbura." Ta ce a dama kunun gero da gyaɗa, a ba ni hanta da zogale. Da ni na faɗa, da an ce ƙin al'ada ne. Da yake ta girmama ta, ta kira ta Inna, ta ba ta dalili, Hajiya da kanta ta riƙa korar masu kawo mini kunun kanwa.

Ba zan rufe ido a kan abin da ke korar mata daga matarniti ba, don na gani da idona a wurare daban-daban. Akwai masu zagi, akwai mai ce wa mace tana tsakiyar ciwo, "Lokacin da kike jin daɗinki na je?" Akwai wadda za ki kira ta ta ce ki bari ta gama waya. Wannan zalunci ne, kuma mace ɗaya da aka wulaƙanta takan hana mata goma na unguwarsu zuwa. Na san aikin ya yi musu yawa. Ƙidayar lafiya ta 2012 ta nuna macen Nijar na haihuwar 'ya'ya 7.6 a tsakaice, kuma a cikin haihuwa 100,000 mata 535 ke rasuwa. A nan Maraɗi ba sai an karanta miki ba, ki leƙa ɗakin haihuwa da daddare ki ga mutum biyu a kan mata nawa. Amma gajiya ba ta halatta cin mutunci. Madam ita ma a cikin wannan cunkoson take aiki, ba ta da sakin fuska, amma ban taɓa jin ta muzanta kowa ba. Kuma daɗin baki shi ma ba shi ne ma'auni ba, don inda aka fi yi mini fara'a nan na kusa barin duniya.

Saboda haka in mace ta tambaye ni a shago, ba na ce mata je wuri kaza. Nakan ce ta duba ko wadda ke mata awo ta tambayi tarihinta ta rubuta, ko tana auna tansiyo duk zuwa ta kuma gaya mata lambar. In ta yi tambaya ana ba ta amsa, ko kuwa harara ake yi? Sannan ta daure ta tambayi abin da kunya ke hana mu: in na zo da dare wa zan tarar, in jini ya ɓalle me kuke da shi, in abu ya gagara ina za ku kai ni, da wace mota? Wadda ta san aikinta ba ta jin haushin wannan. Wadda ta ce miki "kada ki damu, komai muna yi a nan," alhali ba ki ga ɗakin aiki ba, ki yi hattara da ita.

An yi wa Madam canjin wurin aiki bara, an kai ta wani gari a ƙasar Dakoro. Kafin ta tafi ita ta sa mini ashanar tazarar haihuwa a dantse, don lokotoro ya ce in huta aƙalla shekara biyu, kuma duk cikin da zan ƙara a inda ake aiki zan haife shi.

Yanzu ƙanwata ce ke da cikin fari, a can ƙauye take aure. Na je na zauna da Inna mahaifiyarmu da Baba da mijinta, na ce goyon cikin nan a wurina za a yi shi, Inna ta biyo ta Maraɗi in ta ga dama. Baba ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce ya yarda, ba ya son ya sake ganin amalanke da dare. Iya ta tsufa, idonta ya yi rauni, amma ta aiko a gaya mini in an sauka a zo a ɗauke ta, ita za ta yi wa jariri wankan farko na gida, na ce da izinin Allah. Na kai yarinyar wurin sabuwar sajfam ɗin unguwarmu, na zauna a gefe ina kallo. Ta tambaye ta, ta rubuta, ta faɗa mata tansiyonta 11 da 7, ta ce jininta ya ɗan yi ƙasa, ta ba ta ƙwaya ta sa mata ranar dawowa. An gwada jinin mijinta da na yayanmu, lambar mai adaidaita tana rubuce a bangon karne. Wata mai kamawa ne watanta. Allah ya raba su lafiya.